Abin da Na Je Nema a Dajin Akim

Mijina bai iya ƙarya ba. Shi ya sa da ya fara ɓoye mini abu, ban daɗe ba na gane akwai abin da yake ɓoyewa. Ko mene ne, shi ne ban sani ba, kuma rashin sanin ya kusa cinye mana aure.

Lokacin muna Nima, unguwarmu ta Zongo a birnin Ankara, a wani gidan haya bayan babbar gota, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, kunnuwa kuwa ba sa ƙirguwa. Shekarun nan ne da suka biyo bayan yunwa, bayan an koro mutanenmu daga Legas. Cikinsu ya dawo, da akwatin sifana da hannun gyaran inji, amma ba aiki. Ya yi zaman benci a Kawukudi har wandonsa ya koɗe. Daga baya wani mai sayar da katako ya ɗauke shi, ya riƙa tura shi dajin Akim yana riƙe masa injin zarto, wanda mu a Zongo muke ce wa censo. Sai ya yi makonni a can, ya dawo a saman motar katako, ya ɗan huta, ya koma.

Da farko murna muka yi. Tukunya ta koma kan wuta sau biyu a yini, 'yarmu ta samu takalmi, shi kuma ya daina sunkuyar da kai in zai wuce majalisar maza. Amma ba a jima ba mutumin da ke dawo mini ya fara canzawa. Idanunsa jajur. Kansa na sarawa har sai ya ɗaure shi da ɗankwalina. Ya kwanta tun hantsi, sai na tashe shi sallar La'asar, ya tashi yana tangaɗi yana dafa bango. In na miƙa masa kofin koko sai in ga hannunsa na rawa. Zan faɗa masa magana yanzu, an jima ya sake tambayata, in na ce na riga na faɗa ya hau ni da faɗa, mutumin da a da sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa. Wata safiya na same shi durƙushe a bakin gota yana amai, mata masu tallar waake, wato shinkafa da wake, suna wucewa suna kallonsa.

Ga kuma madara. Bai taɓa damuwa da ita ba, amma yanzu da ya sauka daga mota sai ya aika a sayo masa ta gwangwani, ya huda, ya kafa kai ya shanye tsuranta, ba shayi ba burodi. Gwangwanayen suka taru a bayan ƙofa. Ni na ɗauka kwaɗayi ne irin na wanda ya daɗe yana cin rogo da barkono.

Tsohuwar da ke da gidan ce ta buɗe mini ido, ko in ce ta zuba mini barkono a ciki. Muna layin famfo ta dube ni da wannan tausayin da ya fi zagi ciwo, ta ce da Hausarta ta Zongo:

“Yarinya, mijinka na shan madara paa. Ka san su wa ke shan madara haka da safe?”

Na ce ban sani ba, Mma.

“Yoo. In ba ka sani ba, shi ke nan. Amma masu censo duka, akpeteshi ne ruwansu. Kowa ya sani.”

Giyar nan mai ƙarfi da ake dafawa a ƙauye take nufi. Na ce mata mijina ba kowa ba ne, na ɗauki bokitina rabi na bar wurin. Bakina ya kāre shi, amma tun daga ranar hancina ya zama ɗan sanda. In ya yi barci da rana sai in sunkuya in shinshina numfashinsa. Na zazzage jakarsa, na laluba aljihunsa, har cikin takalmin robarsa na leƙa. Ba kwalba, ba komai, sai warin fetur da baƙin mai da garin katako, warin da ya kama fatarsa har sabulu ya gaji ya bar shi. Sai zuciyata ta ce ai wannan warin ma ya isa ya rufe kowane wari. Haka zargi yake, in bai samu abin da yake nema ba sai ya ce an iya ɓoyo ne.

Ranar da abin ya fashe, ya dawo ba a lokacin da muka sa rai ba. Ya sauko daga mota gab da Magariba, fuskarsa ta yi fari fat, bai ko shigo ɗaki ba ya yi alwala a bakin famfo ya wuce masallaci da rigar aikinsa. Da ya dawo ya tuɓe ya kwanta, na ɗauki rigar zan jiƙa. Nan na ji shi. A ƙarƙashin warin fetur, a daidai wuya da ƙirji, akwai wani wari mai kaifi wanda duk wanda ya taɓa bi ta bayan rumfunan masu sayar da giya ya san shi. Na wanke rigar sau biyu, na shanya ta cikin ɗaki, ban faɗa wa kowa ba.

Ashe ba ni kaɗai ke da hanci ba. Mai shayin bakin titinmu ne ya tsaya kusa da shi a sahu, kafaɗa da kafaɗa. Mutum ne da in ya ji magana ba ya iya kwana da ita. Kafin gari ya waye sau biyu, labarin ya ƙetara zuwa unguwar Maamobi ya isa kunnen mahaifina.

Babana malami ne, asalinsa daga ƙasar Sakkwato, kuma har ya rasu bai bar Hausarsa ta gauraya da ta Zongo ba. Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Ya aika aka kira mu mu biyu. Muka zauna a tabarma, shi yana kan buzunsa, ya dubi mijina ya ce:

“An ce an ji warin giya a jikinka cikin sahu.”

Mijina ya ce, “Baba, wallahi ban taɓa ɗaukar kwalba na kai bakina ba.”

Na ji daɗi na ɗan lokaci. Amma babana ya daɗe yana sauraron rantsuwar mutane. Ya ce, “Ba wannan na tambaye ka ba. Ta taɓa shiga cikinka?”

Mijina ya dubi bango. Na zungure shi da gwiwar hannu, ko motsi bai yi ba. Da a ce ƙasa za ta buɗe a lokacin, da ni zan fara shiga.

Babana ya sallame shi, ya tsayar da ni. Ya ce, “Ban aurar da 'yata ga mashayi ba. Zai koma dajinsa. In ya dawo ba a wanke shi ba, ki haɗa kayanki da 'yarki ki dawo gida. Ni zan nemi takardarki.”

A hanyar komawa Nima na zazzage wa mijina duk abin da ke cikina. Na ce masa ya faɗa mini ko mene ne, in sha yake yi ya ce yana sha, mu san ta inda za mu ɓullo. Ya ce, “Ki yi haƙuri. Gajiya ce.” Na ce gajiya ba ta da wari. Washegari ya hau mota ya tafi. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye ba, kuma a ranar na ji kamar in shaƙe shi.

Ina da gwaggo mai fataucin goro, wadda ƙauyukan Akim suka san ta kamar 'yar gida. Na je na same ta na ce in za ta tafi zan bi ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Goro za ki saya ko miji za ki kama?” Na ce duk wanda ya fara zuwa hannu. Na bar 'yata wurin mahaifiyata, na ce musu kasuwanci zan koya. Muka shiga trotro, ƙaramar motar haya, zuwa tasha, daga nan muka hau babbar mota, daga inda kwalta ta ƙare muka hau wata da ta fi ta tsufa. A ƙauyen ƙarshe gwaggo ta yi yaren Twi da mutane, aka haɗa ni da wasu masu ɗaukar katako a ka da za su koma ciki. Ita ta tsaya kan goronta.

Tun ina yarinya a Nima nake, inda in ka miƙa hannu sai ka taɓa bangon maƙwabci. Na ɗauka daji wuri ne na iska. Ashe ba haka ba ne. Itatuwan sun haɗe sama sun rufe rana, ƙasa a jiƙe, ganye ko ɗaya ba ya motsi. Tun daga nesa nake jin kukan injin, sai ya yi kamar zai mutu ya sake tashi. Hanyar ta gangara wani kwari, kuma a kwarin suke aiki, domin a cewar masu ɗaukar katakon ƙara ba ta fita nesa daga nan, ba a son baƙin da ba a gayyata ba. Kafin in ga mutum hayaƙin na fara gani, shuɗi, kwance tsakanin itatuwa daidai tsayin ƙirji, ba ya tashi ba ya tafiya.

Na laɓe bayan wani kututture, don ban zo gaisuwa ba. Na zo in kama shi ne.

Kayar da itace ba shi ne aikin ba, wannan ba ya ɗaukar lokaci. Aikin shi ne tsaga gungumen a inda ya faɗi, a mai da shi katako. An shata layi da zare da baƙin mai a bayan gungumen, mijina ya hau kai ya sunkuya, injin a tsakanin gwiwoyinsa, yana ja da baya a hankali yana bin layin daga wannan kai zuwa wancan. Hayaƙin na fita daga injin ya bugi itacen ya dawo masa a fuska. Ya ɗaure hanci da tsumma, tsumman ya yi baƙi ƙirin. Yana gama layi ya koma ya kama wani. Da man ya ƙare sai na ga ana zuba fetur a galan, ana haɗa shi da baƙin man da aka juye daga motoci, irin wanda makanikai ke tarawa a garwa, ana girgizawa. Aka ɗura, aka ja igiya, hayaƙin ya ƙara kauri.

Ban san tsawon lokacin da na yi a laɓe ba. Idona na kan hannunsa da aljihunsa, ina jiran in ga kwalba. Sai na ji idanuna na yaji, goshina ya fara sarawa, miyau ya cika mini baki. Na yunƙura zan miƙe, ƙasa ta juya da ni. Abin da na tuna shi ne ina durƙushe ina amai a gindin kututturen, wata mata tana riƙe da kafaɗata tana kiran mutane.

Ita ce mai dafa musu abinci, 'yar ƙauyen, doguwa mai fara'a, ta koyi Hausa a bakin fataken goro. Ta ja ni zuwa rumfarta a saman kwarin, inda ɗan iska ke kaiwa, ta zaunar da ni ta ba ni ruwa. Da na ce mata ni matar wane ne, ta tafa hannu.

“Ei! Matar Kramo!” Haka suke kiransa, yadda suke kiran kowane Musulmi. “Kramo mai madara! Su duka in an tashi aiki suna shan kaɗan don ya wanke ƙirji, shi kuma sai madara. Muna masa dariya paa.”

Ta sa hannu ƙarƙashin tebur ta fito da kwalba, ta tsiyaya a murfi ta miƙo mini, ta ce in sha kaina zai sake. Warin rigar nan ne, ba ko tantama. Na kau da fuska. Ta yi dariya ta mayar.

“Kai da mijinka ɗaya ne. Amma ka gode mini. Ba don ni ba, da yanzu kana takaba.”

Na ce, me ya faru?

Ta ce ranar da ya koma gida ba shiri, yana cikin tsaga wani babban gungume a ƙasan kwarin sai kawai ya kife. Injin na ci, ya faɗi gefensa, kaɗan ya rage ya taɓa cinyarsa. Suka ɗauko shi kamar gawa, suka kwantar da shi a nan inda nake zaune, aka yi ta fifita, bai motsa ba. Ita ta buɗe haƙoransa da cokali ta ɗura masa abin da ke cikin kwalbar, rabi ya shiga rabi ya zube a riga. Ya yi tari ya farfaɗo. Da ya gane abin da ke bakinsa sai ya fashe da kuka, ya yi ta kurkure baki da ruwan rafi. Suka ɗora shi a motar katako suka ce ya je ya huta.

Na riƙe hannunta na ce, “Shi ya karɓa ya sha, ko ke kika ɗura masa?”

“Ni na ɗura.”

“Idonsa a rufe?”

“A rufe. Bai san duniya ba.”

“Za ki iya faɗin haka a gaban gwaggona?”

Ta ce ko a gaban sarki. Wallahi ji na yi an sauke mini dutse daga ƙirji. Kaina na sarawa, amma dariya nake yi.

A haka ya same ni, don an je an faɗa masa. Ya hauro yana share fuska, ya tsaya a bakin rumfar, idanun nan jajur. Bai tambaye ni me ya kawo ni ba. Ya dubi matar, ya dube ni, ya ce, “To, kin gani.”

Na ce, “Me ya hana ka faɗa wa Baba? Magana ɗaya ce fa. Ka bari ana yawo da sunanka a Nima da Maamobi!”

Ya zauna a ƙasa ya huda gwangwanin madara da ƙusa. Ya ce, “In na ce an ɗura mini, zai ce don me. In na ce na faɗi, ke da shi za ku ce in bar aikin. In koma benci a Kawukudi, kina dafa ruwa kina ce wa yarinya abinci ya kusa nuna? Gara a ce mini mashayi.”

Na ce masa ba shi da hankali. Ya yarda. Na ce zan je in wanke shi, kuma mai shayin nan sai ya san ni. Ya yi ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarsa cikin watanni. Bai gama madarar ba aka ƙwala masa kira daga ƙasa, ya miƙe ya ɗaure tsummansa ya gangara. Kafin in kai bakin hanya injin ya tashi.

Duk tsawon hanyar Ankara ina tsara yadda zan yi. Matar ta rako ni har ƙauyen, gwaggo ta ji daga bakinta da kunnenta, ga ni da shaida. Na tsara abin da zan faɗa wa tsohuwar gidanmu a layin famfo, da ƙarfi, yadda kowane ɗaki zai ji. Na tsara na mai shayi, wanda ya fi tsawo. Ko gida ban biya ba, da ƙurar mota a jikina na wuce Maamobi, gwaggo na bina tana haki.

Mun sami babana ya idar da La'asar yana zaune a ƙofar zaure. Na durƙusa na gaishe shi, ban jira ya gama amsawa ba na fara. Na faɗa masa kwarin, da hayaƙin, da madarar, da matar, da cokalin. Na ce idonsa a rufe yake, Baba, bai san an yi ba. Gwaggo ta ce haka ne, ita ma ta ji. Na ƙare ina jiran ya ce an yi wa surukinsa ƙazafi.

Ya ajiye carbinsa ya ce, “Babu laifi a kansa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a rubuta masa. Ki zauna a ɗakinki.”

Na ce alhamdu lillahi, na yunƙura zan tashi, ƙafata har tana ƙaiƙayin zuwa rumfar mai shayi.

Ya ce, “Dakata. Kin ce matar ta san ta buɗe masa haƙora da cokali, kwalbar kuma tana ajiye a ƙarƙashin tebur.”

Na ce e.

“Sau nawa ya faɗi?”

Na dubi gwaggo, ta dubi ƙasa. Na yi tafiyar yini guda, na shiga daji, na riƙe hannun matar na yi mata tambaya bayan tambaya, na zauna da shi gwiwa da gwiwa. Wannan ɗin ban tambaya ba.

Babana ya ce, “Yanzu yana ina?”

Na ce, “Yana can. Na baro shi yana aiki.”